Hitilar da Ba Ta Mutu Ba a Rijiyar Idi

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Rakiya, mai karatun fizik a jami'a, can Yamai.

Ina gaishe ki. Ina fatan kin sauka lahiya, kin samu ɗaki mai ƙyaure da makulli. Allah shi tsare ki daga sharrin hanya da sharrin birni, shi sa ki ci abinci mai albarka. Innarki tana gaishe ki. Gaisuwa ta tsaya nan. Mushe Hamani Bazabarme, tsohon malaminku na boko a lakwal, shi ke riƙe da alƙalamin bik ina faɗi shina rubutawa, kuma shi ya ce ba a buɗe takarda da faɗa. To na bi mishi layi huɗu, ya isa.

Shekara goma sha bakwai ke nan ina yawo da tambaya a ƙasar Kurfai. Na kai ta gun mai kwat, na kai ta gun mai rawani, na kai ta gun mai baƙin mai a hannu. Wani ya yi dariya, wani ya ce in yi haƙuri, wani ya duba agogo. Ba wanda ya shimfiɗa tabarma ya zamna ya ba ni amsa kamar yadda ake ba ɗan Adam. Masu karatu sun raina ni, kuma ban yahe ba. Yanzu ga shi ɗiyar cikina ta shiga cikinsu.

Kin tahi makon jiya ban raka ki tasha ba. Ina bayan gari ina ɗaure karan da bai buƙaci ɗauri ba, na ji ƙarar motar har ta ɓace ta hanyar Baleyara. Na san abin da kinka ɗauka. Kin ɗauka don ke mace ce, ko don na so ki zama likita kinka ƙi. Ba haka ba ne. Ki zamna ki karanta, kada ki tsallake, don akwai ran mutum a ƙarshen takardar ga, ran ɗan'uwanki Sani.

Kin san ban shiga lakwal ba. Ranar da anka zo rubuta yara kakanki ya ɓoye ni cikin rumbu. Abin da na sani rijiya ce. Daga Tabla har ƙauyukan Tondikandiya babu fadamar da dagina bai shiga ba. Ina ɗanɗana ƙasa a harshe in ce ga gaba nawa ya rage a kai ruwa, kuma ba a cika ƙaryata ni ba. Ni da ƙanena Idi, baban Sani, garka guda muke da ita a fadama, wadda kinka tashi kinka iske ƙaya ta cinye. Labarinta kin ji shi gutsuri-gutsuri a bakin mata wajen daka. Yau ki ji daga bakin wanda ya riƙe igiya.

Shekarar nan mun gaji da jan wasaki, munka tahi Baleyara munka sawo motopom, injin nan na jan ruwa. Duk lokacin sanyi ruwan rijiyarmu na gaba uku, injin na zuba shi kamar bakin ƙwarya. Albasa ta yi kyau har mutane na tsayawa kallo. Da zahi ya matso ruwa ya fara sauka. A gaba huɗu injin ya fara tari. Da ya doshi biyar, sai ihu kawai, tiyo na rawa, ko ɗigo babu. Ruwa ga shi nan ina ganin huskata a ciki, injin ya ƙi ɗauko shi.

Na ɗora shi bisa amalanke na kai ma bakaniken da ya sai muna. Ban ko yi sallama ba.

Na ce, "Kai ɓarawo, ka sai mini akuya da sunan saniya."

Ya ce, "Baba, sannu da rana tukuna." Ya sa tiyo cikin duro ya tada injin. Ruwa ya yi tsalle har ya jiƙa mai tsire a ƙetaren hanya. Ya ce, "Lahiyarshi lau. Ko sabo dal ka kawo, ko wanda ya ninka wanga girma, in ruwa ya wuce gaba huɗu da ɗori ba ya ja. Haka suke."

Na ce, "Domi?"

Ya ce, "Haka suke."

Na ce, "Haka suke sunan kakanka ne?" Na shaƙe mishi wuyan riga gaban kasuwa, sai da dillalan shanu sunka raba mu.

Mutumin nan gaskiya ya gaya mini, Rakiya. Dalilin ne bai sani ba, ni ko na haɗa rashin dalili da ƙarya na zuba mishi. Wanga shi ne kuskurena na fari. In abu ya ƙi miki a wurin karatu, kada ki tashi neman wuyan da za ki shaƙe. An ce mini kuna da ɗakin gwaji, inda kuke auna abubuwa da allurai masu motsi. Ranar da allura ta ƙi nuna abin da ranki ke so, ki rubuta abin da ta nuna. Kada ki ce na'ura ta lalace don ta ƙi bin bayanki. Abin da ya ƙi, magana yake yi miki.

Ni ban saurara ba. Na dawo gida da hushi, hushin ya haifa mini dabara. Na ce ma Idi, tunda ruwa ya ƙi zuwa wurin inji, inji shi tahi wurin ruwa. Na sauka gaba biyu cikin rijiya, na huda bango nan da can, na gitta gungumen giginya biyu, munka zura motopom da igiya munka zaunar da shi bisa. Munka tada. Ya ja! Wallahi ya ja kamar ranar da munka sawo shi. Mutane sunka taru. Wani ya ce, "Mamman, kai ne injiniyan Kurfai." Idi na dariya shina cewa, "Ku bar zuga shi, hularshi ba ta shiga gobe." Gaskiya ya faɗi, kaina ya kumbura.

Ki ji tsoron ranar da dabararki ta ci a karo na fari. Ranar mutum ba shi sake dubawa. Da ta ƙi, da na zamna na yi tunani.

Kwana tara muna haka. Na goma, da hantsi, ruwa ya yanke. Injin na tahiya amma laka ta toshe bakin tiyo can ƙasa. Sai an sauka an share da hannu. Ranar gwiwata na ciwo, Idi ya ce shi zai sauka.

Kin san ƙa'idar gidanmu, ko ba ki sani ba, tunda ba ki taɓa tambaya ba. Ɗan gidanmu ba ya sa ƙafa cikin rijiya sai hitila ta riga shi. A kunna ta a ɗaura ma igiya a zura har huskar ruwa. In ta mutu, iskar ciki ta lalace, sai a ɗaura damin ganye a yi ta kaɗawa sama da ƙasa har a sake zurawa ta rayu. In ta ci, a sauka. Haka ubana ya koya mini, haka ubanshi ya koya mishi, kuma ba mu taɓa binne mutum saboda rijiya ba. Na kunna. Na zura. Ta wuce injin, ta sauka har ta kusa taɓa ruwa. Tana ci, harshenta tsaye, ko karkata bai yi ba. Na bar ta rataye nan don ta haska mishi.

Idi ya ɗaura igiya a ƙugu, ya dube ni ya ce, "Yaya, mu kashe injin?"

Na ce, "Bar shi. In ya mutu tashinshi wuya, kuma ta yaya za ka ji ya kama ja in ba shi tahiya?"

Mushe, rubuta wanga yadda na faɗe shi, kada ka gyara. Ni na ce a bar shi.

Ya sauka ya wuce injin, ya tsaya cikin ruwa iya ƙirji, shina tonon laka shina waƙar banza irin tashi. Can ya ɗago ya ce, "Yaya, kaina na sara."

Na ce, "Shayin jiya ne. Wa ya ce ka sha kohi uku? Gama ka hito."

Ya yi dariya. Ya ce, "To sarkin iko." Ya duƙa. Bayan ɗan lokaci na ga ya jingina da bango kamar mai hutawa. Na kira. Na ja igiya, na ji nauyin da ba na mai rai da ke taimakon kanshi ba. Na yi kuwwa, masu garkunan kusa sunka sheƙo. Igiyar ta sarƙe a gungumen da ni na gitta, sai na sauka da kaina in kwance. Na tuna na kashe injin, na tuna hannuna ya kama rigar Idi. Daga nan ban san komi ba sai da na farka bisa yashi ina amai, mutane na salati. Kwana uku kaina kamar ana daka a ciki. Idi bai farka ba.

Hitilar kuwa, lokacin da nake sauka na wuce ta gab da kunnena. Tana ci.

Ba wanda ya yarda. A ruɗanin jawo mu ta faɗa ruwa, ba mai shaida sai Allah. Tsofaffin maginan rijiya sunka ce hitila ba ta ƙarya, in mutum ya mutu to ba a zura ta ba. Ranar sadakar bakwai, Hajo matar Idi ta ce daga bayan zana, da muryar da kowa zai ji, "Wanda ya riƙe igiya shi ya san abin da ya yi." Daga nan magana ta yi ƙafa. Anka ce garkar nake so ni kaɗai. Na rantse ban ƙara cin ko ganyen albasarta, na jingine dagina, ban sake gina rijiya ba har yau. Na ɗauka barin garkar zai wanke ni. Sai sunka ce alhaki ne ya hana ni shiga.

Abin da nake zato, bayan shekarun ga na juya shi a kai, shi ne an tambayi hitila abin da ta sani ta amsa, amma akwai abin da ba ta sani ba. Zato ne, ban da hujja. Ke dai ki riƙe wanga: kowane abin awo da za su miƙa miki can, kada ki tsaya ga mi yake gani. Ki tambayi malamin mi ba ya gani. In ya ce ba a tambayar haka, ki sake tambaya gobe.

Wata biyu bayan rasuwar, wani injiniyan froje, irin na masu aikin raya karkara, ya zo da farar mota shina auna rijiyoyin fadama da tef. Na sa rigar Juma'a na tare shi. Na gaya mishi duka, direbanshi na juya mishi zuwa faransanci, ko da yake injiniyan baƙar fata ne irina kuma na ji shi shina ciniki da Hausa wurin mai hura. Na ce abu biyu nake so in sani. Domi inji ba ya jan ruwa in ya doshi gaba biyar, kuma domi mutum ke mutuwa inda hitila ke ci. Ya saurara shina naɗe tef ɗinshi. Ya ɗaga kafaɗa ya faɗi kalma biyu, ya yi murmushi. Direban ya ce, "Ya ce fizik ne, tsoho. Abin na da tsawo, ba ka ganewa."

Kin san abin da ubanki ya yi? Ubanki da ya shaƙe bakanike gaban kasuwa? Na gyaɗa kai. Na ce, "Wi, wi, mushe," kamar na gane. Har na gode mishi. Mota ta tashi ta bar ni da rigar Juma'a ranar Laraba. Ƙarhina a kan talaka ɗan'uwana ya ƙare, gaban mai takalmi sai na zama ɗan tsako. Da na riƙe ƙofar motar nan na ce ba ka tahiya sai ka gaya mini da Hausar da ka sayi hura, da yau ba ni wahal da hannun Bazabarme.

Mushe Hamani ya ce mini a shekararku ta fari ɗakin karatu ya hi masallacin Juma'a cika, malami na can nesa kamar ƙuda, shina cika allo da baƙaƙe shina gogewa kahin a kwahe. Ya ce mata cikinku ba su da yawa, kuma da dama daga masu shiga ba su kai shekara ta biyu. Ya ce can kowa na gyaɗa kai don kada a ce shi ne jaki. To ke kada ki gyaɗa. Jinina ne a jikinki, na san gyaɗa kan nan na gidanmu, na gan shi gare ki ranar da liman ya yi miki tambaya. Ki yi sammako ki kama benci na gaba. Abin da ba ki gane ba ki ɗaga hannu ki ce ban gane ba, su yi dariya, dariya ba ta kisa. Ki nemi abokan karatu masu cewa ban sani ba, ki guji mai amsa kahin a gama tambaya. In an tashi yajin karatu ana jifa, ba ruwanki, ki shiga ɗaki da kaye ɗinki na rubutu. In kinka faɗi jarrabawa ki gaya mini da bakinki, kada in ji a tasha. Na ga rijiyar da ta rushe sau biyu ta uku ta ba da ruwa shekara talatin. Kuma ranar da kinka zama babba, in tsoho ya tare ki da rigar Juma'a, ki kashe motar.

Yanzu kin gane abin da ya tashe ni daga kan tuwo ranar da kinka ci bak, jarrabawar shiga jami'a, innarki na guɗa, kinka ce, "Baba, fizik zan karanta." Ban taɓa jin kalmar ga a bakin kowa ba tun bakin direban nan. Sai ga ta cikin gidana, a bakin ɗiyata. Damina guda ban yi miki magana ba sai "miƙo buta". Ba ni cewa na kyauta. Amma ke ma da naki. Na ji ki kina gaya ma innarki yadda farantin sola ke maida rana wuta, da abin da ke sa bakan gizo, kina zana mata a ƙasa da tsinke. Ina zaune taku biyar daga nan ina gyaran galma. Ko sau guda ba ki ce "Baba, zo ka gani" ba. Mushe ya ce ai huskata ce ke korar mutane. Na ce shi rubuta abin da anka sa shi, ba a tambayi Bazabarme hukunci ba.

Kuskuren da ya hi duka shi ne na Sani. Shekara takwas gare shi da ubanshi ya rasu. Kowace kaka ina aika ma uwarshi dami ta hannun wani, ban taɓa ɗauka da kaina ba. Ban taɓa zaunar da shi na ce ga yadda anka yi ba. Na ce sai na samu amsa, in je mishi da ita cikakkiya. Amsa ba ta zo ba, ya girma da labarin bayan zana. Da na je mishi da rabin da nake da shi. Kada ki jira sai kin san komi kahin ki yi ma naki magana, Rakiya. Shiru ba ya zama wofi, wani ne ke cika shi.

To ga inda muke. Sani yanzu magidanci ne, matarshi na da ciki. Bana gero bai yi ba, kin gani da idonki. Ya sare ƙayar garkar ubanshi, ya yashe rijiyar, waccan rijiyar dai, ya sawo motopom ya dasa albasa da shu, wato kabeji. Hakkinshi ne, ban hana shi ba. Amma ruwan bana ya fara daga ƙasa. Ina zuwa da tsohuwar igiyata mai ƙulli ina aunawa in ba kowa. Ranar da kinka tahi, gaba huɗu ba kamu ɗaya. Jiya ya cika huɗu. Injin ya fara tarin nan. Na san tarin, ko cikin kabari na ji shi zan gane.

Shekaranjiya na iske shi bakin rijiya da gungumen giginya biyu, shina feƙe bakinsu.

Na ce, "Sani, mi za ka yi da waɗanga?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Abin da kowa ke yi."

Na ce, "Kada ka sa injin nan cikin rami. Hayaƙinshi ne nake zargi."

Ya ce, "Hayaƙi sama yake yi, Baba Mamman, ko mace a madafa ta sani. Babana ƙarƙashin injin yake, ba bisa ba. Kuma kai da bakinka ka ce hitila na ci. Akwai mutum a Tabla, shekara uku injinshi na cikin rijiya, jiya na gan shi shina cin goro."

Na ce, "Ni dai na ce kada."

Ya ce, "Domi?"

Na buɗe baki. Wallahi, Rakiya, abin da ya zo kan harshena shi ne "haka suke". Na haɗiye.

Ya ajiye gatari ya dube ni, karo na fari a shekaru ya dubi cikin idona. Ya ce, "In ba injin ya kashe shi ba, ka bar ni in yi aikina. In injin ne, ka gaya mini ta yaya. In ba ka iya ko ɗaya, to ni na san abin da zan kiyaye. Ba kai za ka riƙe mini igiya ba."

Idon Idi ne a huskarshi. Na juyo gida.

Na tambayi Mushe Hamani. Ya ce a iya tunawarshi ba injin ke jan ruwa ba, iskar duniya ce ke danna shi shina hawa. Na ce iskar ta gaji ne a gaba biyar? Ya sosa ƙeya ya ce shi ƙananan aji ya koyar. Batun hitila ko ya ce akwai wani abu a hayaƙin inji da ba a gani ba a jin wari, amma ya manta sunan, kuma bai san ko sama yake yi ko ƙasa ba. Da wanga zan tsaya gaban Sani? Ya ce in kira ki a salula. Na ƙi. A salula harshena na ƙagewa, ke ki ce "to Baba", ni in ce "to", shi ke nan. Kuma magana a iska ba ta da sawu. Takarda nake so, wadda za a karanta gaban mutane.

Jiya da Sani ya tahi azahar na shiga garkar na kwance bujin injin, ɗan ƙarhen nan da in babu shi inji ba ya tashi. Ga shi nan cikin aljihuna ina taɓa shi yanzu. Ni Mamman, da tsufana, na zama ɓarawon buji. Ya kai ƙarata gun maigari. Maigari ya ce in maida, na ce a ɗaure ni. Ya ce to shi ba ya ɗaure furfura, amma ba ya hana mutum sayen wani. Ran kasuwar Baleyara mai zuwa Sani zai sawo sabo. Kahin nan shi da matarshi na jan wasaki suna zagina, albasa na yaushi, kuma zagin nan ya hi mini daɗi bisa salati bakin rijiya. Abin da sata ta saya mini ke nan, kwanaki kaɗan. Direban da zai kawo miki takardar ga shi ke dawowa jajibirin kasuwa, ta hannunshi nake jiran amsa.

Allah shi tsare ki, ɗiyata. Allah shi buɗe miki kai, shi haɗa ki da malamai masu tsoronshi, shi raba ki da zazzaɓi da mugun aboki da abin kunya. Allah shi maido ki gida da ƙafafunki ki iske mu cikakku, ba a rage kowa ba.

Yanzu ki ji abin da nake so, kuma ba roƙo nake ba. Na san mako guda gare ki can, ba ki ko san hanyar ɗakin cin abinci ba. Ba ruwana. Ki nemi babban malaminku na fizik, wanda ya hi kowa furfura. Ki tsaya ƙofarshi. In anka ce shina aiki ki zamna ƙasa ki jira, in anka ce gobe ki ce ruwa ba ya jiran gobe. Ki karanta mishi wagga takarda tun daga sama, har zagin da na yi ma irinshi, kada ki rage. Shi gaya miki domi inji ke ƙin ruwa a gaba biyar, da abin da mutum zai yi in ba sa shi cikin rami ba. Shi gaya miki mi ke kashe mutum ya bar hitila. Ki tsare shi har sai kin gane da kanki, sannan ki rubuto da Hausa, Hausar da Sani da Hajo za su ji ba tafinta, shi sa hannu a ƙasa.

Kada ki tausaya mini a ciki. In amsar ta ce da na kashe injin da Idi na raye, ku rubuta haka da manyan baƙaƙe, ni zan tsaya ƙofar maigari a karanta a kaina gaban gari. Na iya ɗauka. Sani dai kada shi sauka.

Ku ne kunka ce kun sani. To ku amsa mini.

Ubanki,
Mamman maginin rijiya, daga fadamar Filinge